Shanun Bube sun iso, Abdullatif ba ya nan

Ranar Asabar, 16 ga Agustan 2025, bayan la'asar, yayanka Haladu ya kira ni ya ce ka yanke jiki ka faɗi a gonarku ta Kafin Soli, kafin a kai ka asibiti rai ya yi halinsa. Na ce masa ya sake dubawa. Wallahi abin da ya fito daga bakina ke nan. Da hantsin ranar ka turo mini saƙon murya kana yi mini tsiya, yaya za a ce da yamma babu kai? Daga Allah muke, gare Shi za mu koma, amma har yau, Abdullatif, zuciyata ba ta gama karɓar wannan labari ba.

A gidan gem ɗinka na Kankia, inda ake buga wasannin bidiyo, muka saba. Duk wanda ya zauna can ya san halinka. Da zarar wasa ya tsaya, mutanen cikin wasan suka fara magana da Turanci, kowa yatsansa na kan maɓallin tsallakewa, sai ka ce a dakata. Ka tashi tsaye ka mayar da maganar Hausa, ka raɗa wa kowa suna, sojan da ke allo ya koma ɗan garin Dudunni mai neman ƙanensa. Akwai magidanta da ba su taɓa riƙe madannin wasa ba, suna zuwa don sauraronka kawai. Ba ka taɓa korar ko ɗaya ba, benci ma ka sa aka yi musu. In aka kira salla kuwa, ko ana tsakiyar gasa sai ka kashe janareto, a yi ta gunaguni kana dariya.

Ni dai a kan wannan ban taɓa yarda da kai ba. Na ce gem na hannu ne, mai son labari ya koma wajen kakarsa. Ka ce wanda yake gudu bai san abin da ya koro shi ba, wahala kawai yake sha. Shekaru muka yi a kan wannan gardama, har Haladu ya ce in mun isa mu haɗa namu a gani.

Muka kuwa haɗa namu gem ɗin, na waya. Wani makiyayi mai suna Bube yana koro shanu daga Kusada zuwa Kankia ta burtali, ba a so ko ɗaya ta shiga gonar mutane. Tafiyar shanun da wuyar kowane mataki aikina ne, labarin naka. Ba ka rubuta shi, da baki kake ba ni, sai na gama mataki ka faɗi na gaba. Dalilin da ya raba Bube da gida, da wanda zai tarar in ya iso, ka ce sai ranar ƙarshe. Matakin ƙarshen nan kake yi mini tsiya a kansa a saƙonka, wai na cika nawa.

Na gama shi yanzu. Shanun suna isowa mashaya lafiya, su tsaya, Bube ma ya tsaya, babu wanda ya san abin da yake jira. Wasan yana tafiya sumul kamar yadda na so, kuma ba na iya kallonsa.

Da na shiga gaisuwa na daure na tambayi matarka Rauda ko ka taɓa gaya mata ƙarshen. Daga bayan labule ta ce, "Malam Sadisu, ai bai da shi. Cewa ya yi sai ya zauna ya ga yadda ka iso da shanun, sannan zai san yadda labarin zai ƙare."

Ashe duk cika bakin nan ni kake jira, ni kuma ina jiran ka. 

Allah Ya jiƙan ka, Abdullatif, Ya haskaka kabarinka, Ya sa ƙarshen wahalarka ke nan. Allah Ya ba mahaifiyarka Inna Kulu da Haladu da Rauda haƙurin rashinka, Ya raya Sumaiya da ka bari a goye. Mu kuma in tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani.