Datti na Balan a Gayyar Gafasa

A duk faɗin Gaya da Ajingi babu makaɗin gangar noma da ya kai Datti na Balan. Datti ne da kansa ya yanke wannan hukunci, a rumfar mai shayi, kuma ba a taɓa ɗaukaka ƙara ba.

Gangar gadon mahaifinsa ce, hannunsa kuma yana da daɗi, wannan ba a musu. Sai dai tun yana saurayi ya fi son jera makaɗa a kan sauraronsu. Shi ne na ɗaya. Na biyu da na uku sun rasu, don haka ba sa damunsa. Gana na Gafasa, wani dattijo mai sanyin magana, shi ne na huɗu.

Gana ya sha aiko masa: "Ka zo mu zauna mana, ka ji taken mutanenmu, ni ma in ji naku." Kowane gwanin noma yana da takensa, kiɗan da in ya ji shi yake zabura ya kama fartanya. Datti kan ce wa ɗan aiken, "Ka gaishe shi. Na ɗaya ba ya ɗaukar karatu a wurin na huɗu."

Da daminar bara Gana ya kwanta ciwon ƙafa, ga shi Alhaji Ja'afar ya kira gayya a gonar geronsa a Gafasa, can ƙasar Ajingi. Aka aika babur ya ɗauko Datti. Ya sa sabuwar riga, ya shaida wa 'yan rumfar shayi cewa yau Ajingi za ta ji kiɗa.

Ya fara, kiɗa ya yi daɗi. Manoma suka tsaya a bakin gona, fartanya a kafaɗa, kowa yana jiran takensa. Datti bai san ko ɗaya ba. Ya laluba ƙwaƙwalwarsa, ya tuno wani da ya taɓa ji daga nesa a kasuwa, ya buga shi da ƙarfi.

Wani tsoho ya cire hularsa.

Alhaji Ja'afar ya matso, ya yi ƙasa da murya. "Malam Datti, wannan taken Baba ne. Tun da muka binne shi ba a sake buga shi ba."

"Allah ya jiƙansa," in ji Datti, yana kallon ƙafafunsa.

"Amin. Ko za ka ɗan huta a inuwa? Ga fura can."

Ya zauna a gindin darbejiya, ganga a cinya. Da yamma ya roƙi mai babur ya bi da shi ta bayan gari, ya kuma sa gangar a buhu. Matarsa Hanne ta tambaye shi yadda aka yi, ya ce rana ta yi zafi. Har kaka ta wuce bai leƙa rumfar shayi ba.

Gonar dai an nome ta tas kafin la'asar. Kiɗan Gana aka sa a wayar Alhaji, aka haɗa da lasifika.