Sandar Giyar Baba

Jiya na kai tsohuwar motar gidanmu gareji a Tambuwal. Bakaniken ya kama sandar giya ya ce, "Hajiya, wa ya yi wanga ƙari? Bari in yanke shi." Na ce ya bari.

Baba ne ya yi. Da hannunsa na dama ya fara mutuwa, bai gaya wa kowa ba. Ya sa aka yi waldar guntun ƙarfe, sandar ta ƙara tsawo, don giyar ta riƙa shiga ba da ƙarfi ba. Ya naɗe kanta da fata, har yau tana ƙamshin turarensa. Yakan ce mota lallashi take so.

A tafiyarmu ta ƙarshe zuwa Kebbe, a kan wani hawa, hannun ya ƙi. Motar ta fara ja da baya. Bai dube ni ba, ya ce, "Ɗiyata, ara mini hannunki." Na ɗora nawa a kan nasa mai sanyi, muka tura tare. Da muka isa ya miƙo mini makulli, bai sake tuƙi ba.

Allah Ya jiƙanka, Baba, Ya sa ka huta.