Tayoyi Huɗu a Shagon Kawu

Kawuna mai gyaran jikin mota ne. Shekara talatin da ɗoriya yana miƙar da ƙarfen da wasu suka lanƙwasa, har kunnensa na hagu ya mutu saboda ƙarar guduma. In aka jawo mota garejinsa ba ya tambayar abin da ya faru. Zagaya ta yake yi sau ɗaya, ya shafa, ya ce, "Wannan waya yake latsawa," ko "Wannan tsere ya yi da babbar mota." Kuma da wuya ya kuskure.

Mutum ne marar yawan magana, amma akwai wanda yake ƙi kamar ciwon haƙori: mijin 'yarsa ta fari, wanda abokai ke kira Walƙiya. Sau bakwai Walƙiya na kawo motarsa a lotse, sau bakwai Kawu na gyara ta tas, ya fesa fenti, ya rufe bakinsa. Ya ce ba ya son ya zama tsohon da ya kashe wa 'yarsa aure. Ita kuwa ba ta san komai ba, kullum mota na komawa gida tana sheƙi.

Ranar da aka gama gyara na bakwai, Walƙiya ya zo ɗauka da 'yarsu mai shekara biyar a kujerar baya, daga makaranta. Kawu na bukatar fenti daga kasuwa, sai surukin ya ce, "Baba, shigo mana in sauke ka." Kawu bai taɓa shiga motarsa ba. Ya goge hannu ya shiga.

Tun kafin su bar layin gareji kan Kawu ya bugi rufi. Walƙiya ya hau titi ba tare da ya duba ba, ya kutsa tsakanin bas da motar yashi, hannu ɗaya a sitiyari, ɗayan yana neman waƙa. Kawu ya damƙe mariƙin ƙofa. Ƙafarsa ta dama sai taka birkin da babu take yi.

"Rage wuta," in ji shi.

"Haba Baba, ai ko tafiya ba mu fara ba."

"Na ce ka rage. Lahira za mu, ko kasuwa?"

Walƙiya ya yi dariya. "Tsufa ne, Baba. Ku da kuka saba da motar da ba ta motsi."

Abin da ya fi damun Kawu shi ne ya san ƙarfe. Ya san daidai inda gaban motar nan zai naɗe ya kama gwiwa, don da hannunsa ya miƙar da wurin. Ya san ƙofar baya ta dama ba ta da sauran ƙarfi, ciko ne kawai da fenti. Sai ya waiwaya don ya ce wa jikarsa ta matsa daga jikin ƙofar.

Abin da ya gani ne ya ƙarasa shi. Yarinyar ba ta kuka. Ta tokare ƙafafunta biyu da bayan kujera, ta cusa jakar makaranta tsakanin kanta da gilashi, ta riƙe mariƙin ƙofa da hannu biyu, tana kallon waje hankali kwance. Ba wanda ya ce ta yi. Ta saba ne.

"Uwata, wa ya koya miki zama haka?"

"Ba kowa, Kaka. In ban yi ba kaina ke buguwa."

Daidai lokacin Walƙiya ya tsallake jar danja, wani mai babur ya faɗa gefen kwalbati yana zaginsu. Kawu ya daki gaban motar da tafin hannu.

"Juya, shashasha! Ka mai da ni gareji, na manta abu."

"Ni ne shashasha, Baba?"

"Da wani a motar? Juya!"

Da suka isa, Kawu ya sauka. Ya fito da jikarsa, ya zaunar da ita a benci, ya ɗauko jak da sufana. Walƙiya ya ɗauka wani gyara aka manta, ya koma inuwa yana waya. Ko da ya juyo, motarsa na zaune bisa bulo, tayoyi huɗu na cikin shago, kwaɗo a rufe.

"Wannan ai sata ce! Motata ce ko taka?"

"Motarka ce, ga ta nan, ɗauki abinka."

"Wallahi ba don kana uban matata ba..."

"Ƙarasa mana. Kashe ni za ka yi? Ai ɗazu ka gwada."

Aka kira 'yar Kawu, ta zo ranta a ɓace, tana cewa Baba ya ci mutuncin mijinta a gaban jama'a. Kawu ya kama hannunta, ya ɓare rufin ƙofar baya daga ciki, ya ɗora yatsunta a kan ƙarfen. Waje sumul, ciki kuwa duk tabon guduma ne da walda.

"Nan 'yarki ke jingina kai," in ji shi. "Sau bakwai ina rufa masa asiri. Laifina ne, na ɗauka. Na takwas ba zan gyara ba, don ban iya gyaran mutum ba."

Ta daɗe tana shafa wurin. Sannan ta ɗauki jakar yarinyar, ta wuce mijinta ko kallonsa ba ta yi ba, suka tari bas.

Wata huɗu ke nan. Walƙiya ya daina gaishe da Kawu, in sun haɗu a hanya kowa sai ya kalli bango. Ya sayo wasu tayoyin, ya zo ya tarar Kawu ya cire sitiyari. Motar na nan a gareji, wata kaza ma ta yi ƙwai a ƙarƙashinta. Kawu kuwa yanzu ba ya buɗe shago sai ƙarfe takwas da rabi, don shi ke raka jikarsa makaranta da ƙafa, ita a gefen gidaje, shi a gefen titi.