Abin da Yake Tada Yayana

Yayana manomin albasa ne a Magarya, ni kuwa ni ne wanda mahaifinmu ya bari da allo da tawada. Shekara bakwai ya ba ni. Mutum ne mai jiki da gajeren wuya, in ya zauna a zaure tabarma kan yi masa kaɗan. Tun da ya haura hamsin gyangyaɗi ya kama shi. Yakan yi a majalisa, ya yi a masallaci liman na huɗuba, har a gindin rudu, inda muke ajiye albasa, ana cikin magana sai a ga haɓarsa ta sauka a ƙirji.

Abokansa ba su raga masa ba. "Alhaji, a kawo matashi, ko kahwaɗata ta isa?" Sai ya farka ya share baki ya ce, "Ina jin ku, idona kaɗai na ruhe."

Wata rana bayan la'asar ya riƙe ni a ƙofar masallaci har mutane suka watse.

"Malam, ban san mi ka tashe ni ba. Ina kwance sai in ji kamar an shaƙe ni, in zabura zuciya na duka. Sau huɗu, sau biyar kahin asuba."

"In ka tashi, mi kaka yi, Yaya?"

"Mi zan yi? In yi alwala in yi raka'a biyu, tunda kwanan ya ƙi."

Na yi murmushi na ce masa, "Wagga ai baiwa ta. Wasu na roƙon a tashe su, ba su samu ba. Ka riƙe sirrinka."

Har cikin raina haka na ɗauka. Shi ya riƙe sirrin, ni ne na kasa. Na gaya wa mutum ɗaya, kafin sati gari ya ji. Ba'a ta tsaya. In ya fara gyangyaɗi sai a sassauta murya, a ce, "Ku bar shi, bai kwana ba." Na ga abin ya yi masa daɗi, ni ma ya yi mini.

Sai ciwon kai ya zo, kullum da safe, daga ƙeya. Na yi masa rubutu ya sha ciwon bai faɗa ba, na raka shi asibiti a Wurno. Wata ma'aikaciyar lafiya, sa'ar 'yata, ta ɗaura masa abin awo a dantse ta ce hawan jini ne. Aka ba shi ƙwaya, matarsa ta rage gishiri har miya ta koma lami. Amma jinin bai zauna ba. Yau ya sauka, wani satin ya haye fiye da da.

A zuwanmu na uku ta ajiye biro ta dube shi.

"Baba, tsakaninka da Allah kana shan maganin?"

"Ko ɗaya ban tsallake ba, ɗiyata."

"To barci fa? Kana minshari? Kana yawan farkawa?"

Yayana ya juyo ya dube ni. Na san abin da yake tambaya da idon nan: ya faɗa, ko kada ya faɗa? A karatun da na yi, aikin da bawa ya ɓoye tsakaninsa da Ubangijinsa ba a baje shi a teburin asibiti. Na riga shi magana.

"Kwanansa lahiya lau. In ya tashi, da niyya yake tashi."

Sai ta ƙara masa ƙwaya ta biyu. Ta yi tambayar da ta dace. Ni na rufe mata ƙofa.

Lokacin cirar albasa, da hantsi, ya duƙa zai ɗaga buhu ya faɗi. Kafin mu kai shi Sakkwato ɓarinsa na dama ya shanye, bakinsa ya karkace. Likitan da ya karɓe mu ya yi irin waccan tambayar, amma wannan karon matarsa na tsaye a gefen gado, ita ta amsa.

"Likita, shekara da shekaru ina ji. Ya yi ta minshari kamar injin ban-ruwa, sai ya yi tsit, har in tashi zaune don tsoro. Can sai ya jawo numfashi kamar wanda anka tsamo daga gulbi."

Likitan ya yi mana bayani a hankali. Ya ce akwai masu maƙogwaron da ke toshewa in barci ya yi nauyi. Iska ta yanke, jiki ya firgita, zuciya ta buga, jini ya hau, kuma haka ake yi ta yi kowane dare. Shi ya sa ƙwaya kaɗai ba ta riƙe shi ba. Ya ce akwai awon da ake yi, akwai kuma na'urar da ke hura wa mai barci iska. Bai ce da ya tsira ba. Cewa ya yi, da an sani da wuri, da an gwada.

A baranda na tambayi matarsa, "Don mi ba ki taɓa hwaɗi ba?"

Matar da muka shekara talatin muna wasan ƙanen miji da ita, ranar ba ta ɗaga kai ba. "Malam, kai kac ce baiwa ta. Ni wa, da zan ce ciwo na?"

Muka dawo da shi gida ba ya iya magana. Na yi kwanaki ina kai da kawo a ƙofar ɗakinsa kafin na iya shiga ni kaɗai. Na durƙusa na gaya masa duka, na ce, "Yaya, sallolinka suna nan, Allah ba ya tozarta su. Amma abin da ke tashe ka ciwo ne, ni kuma na hana ka hwaɗi. Ka yahe mini."

Ya daɗe yana kallona. Leɓensa ya motsa, ban gane komai ba. Na matsa kusa na kara kunne, ya sake gwadawa, har yawu ya zubo. Ana haka aka kira azahar. Ya ɗaga hannun hagu ya nuna mini dutsen taimama da ke ƙarƙashin gado. Na ɗauko na riƙe masa.

Ban sake tambayarsa ba, don na ga wahalar da yake sha wajen amsawa. Ya rasu kafin ruwan farko ya sauka. Allah Ya jiƙansa, Ya yafe mini abin da ban ji daga bakinsa ba.