Ɗakin Jumai ya karkace

Duk wanda ya san Sallau na Tarai ya san rigarsa ba ta taɓa zama daidai a jikinsa ba. Kullum a karkace take, domin ƙirjinsa na dama ya fi na hagu tudu. Telan garin ya gaji da shan zargi, ya ce a bar shi ya huta, mai rigar ne a karkace.

Sana'ar Sallau cilla tubali. Abokinsa Ramalan magini yana zaune bisa katanga, shi yana ƙasa, ya ɗauki tubali ya wurga sama, ya sauka a tafin Ramalan ba ya ko duba. Tun suna samari suke haka, daga Kibiya har Zurgu babu unguwar da ba su tayar da ɗaki ba. Ɗaki ɗaya ne ya gagare su, na Jumai matar Sallau. Duk damina sai ta jera kwanoni tana tarar ruwa, shi kuma ya ce, "Bana dai, in Allah ya yarda." Ba ta taɓa yi masa gori ba, abin da ya fi damunsa ke nan.

Ranin da ya ɗaura niyya da gaske, har tubalin ya bushe, sai tsautsayi ya faɗa. Yana cilla wani ƙato a ginin mutane ya ji abu ya tsinke masa, hannun ya saki. Aka kira maɗori ya ɗaure kafaɗa da karare, tunda nan kowa ya ga ciwo. Aka kwance, ƙashi lafiya lau, amma hannu ya ƙi aiki.

Jumai ce ta lura, tana shafa masa man kaɗanya. "Malam, naman nan na gaban hammatarka fa ya tattare ya koma ƙirji."

Likita a Rano ya sa shi ya haɗa tafukansa ya matse. Gaban hammatar hagu ya kumburo, na dama ya lotsa. Ya ce wata faffaɗar tsoka ce mai kamar mafici, ta taso daga ƙashin ƙirji da ƙashin wuya, ta tsuke ta kama saman ƙashin dantse. Ita ke jawo hannu gaba, ta kawo shi ciki. Ita ce ta yage. Zai ci tuwo, zai yi alwala, amma jifa da dama sai dai tarihi.

Sallau ya koma gida. Tausayinsa ya kama kowa, don ga hadari ya fara leƙowa ta gabas, ga tubalin Jumai a jibge a waje. Ramalan ya ce zai kawo wani mai cillawa.

"Ɗakin Jumai? Wani ya cilla?" in ji Sallau. "Hau katanga, mutumina. Ai ina da hagu."

Kai, an sha dariya! Tubali ya tafi gabas, Ramalan na yamma. Wani ya fasa tulu, wani ya kori akuyar maƙwabta. Ramalan ya yi ta miƙewa yana cafe abin da ya samu, yana mita yana ɗorawa. Da haka bangon ya tashi, ya ɗan kwanta gefe guda. Aka rufe shi, ruwan farko ya sauka, ko ɗigo bai shiga ba.

Da safe Ramalan ya zo yana kallon bangon, kunya ta ishe shi. Ya ce da kaka zai rushe gefen nan ya gyara, kada a ɓata masa suna.

Jumai ta leƙo daga ƙofa, ta dubi bangon, ta dubi rigar mijinta.

"Malam Ramalan, kada ka taɓa min ɗaki," ta ce. "Haka nake son sa."