Ba Allurar Madam Léontine Ba Ce, Adda Kaltumi

Daga Allah muke, kuma gare shi za mu koma. Ranar Talata, 14 ga Maris 2017, da ƙarfe goma sha ɗaya saura kwata na safe, Allah ya karɓi ran yayata, Adda Kaltumi Iliyasu ta unguwar Yelwa, nan Garwa. Shekarunta talatin da huɗu. Ta rasu da cikin wata bakwai da mako biyu, cikinta na fari bayan shekara tara da aure. An ciro 'yar da rai, nauyinta kilo ɗaya da giram ɗari bakwai, har yanzu tana kwalba a asibiti.

Adda, ke kika riƙe ni tun rasuwar Inna, ina 'yar shekara shida. Da keken ɗinkinki kika yi ta kai ni makaranta. Shekarar da na faɗi jarrabawar shiga makarantar koyon jinya, na kwana uku ban fita ɗaki ba. Ba ki yi mini wa'azi ba. Kika shigo da farin yadi, kika ce in miƙe ki gwada ni, wai rigar aiki za ki ɗinka tun yanzu don kada in raina ki. Da na samu shiga a shekara ta biyu rigar ta yi mini kaɗan, sai kika buɗe ta kina dariya. Duk shekarun karatuna, a dantsenki na koyi awon jini. Sai in ɗaura abin in matsa har hannunki ya yi tsami, ki ce, "Ƙara, likitar gidanmu, gara ki kashe nawa da ki kashe na mutane."

Na kammala a watan Agustan bara. Ina rubuta wannan ne saboda maganar da ake yi a unguwa, cewa allurar China ce ta kashe ki. Zan faɗi abin da na sani, ba zan ƙara ba.

Ciwon baya ya fara damunki a wata na biyar, kuma kina tsoron ƙwayoyi saboda abin da ke cikinki. Shi ya kai ki wurin Madam Léontine, tsohuwar ma'aikaciyar jinya ta unguwar Rumde Ajiya, wadda ta koyi wannan aiki a wurin likitocin China. Allurai ne sirara kamar gashi, babu ruwan magani a cikinsu, ana tsira su a fata na ɗan lokaci a zare. Sau tara kika je. Na duba littafinta da idona. Tun zuwan farko ta gane kina da ciki ba tare da kin faɗa ba, ta rubuta da jan biro wuraren da ba za ta taɓa ba: tsakanin babban yatsa da manuni, saman idon sawu, da mara. Kuma bayan ya yi sauƙi, har kika koma kan keke.

Ranar Alhamis, 9 ga wata, kika je mata da ciwon kai. Ta ga fuskarki ta kumbura, ta ƙi buɗe ko allura ɗaya. Ta ce wannan ba nata ba ne, ki wuce asibiti a auna tansiyonki, wato hawan jininki, a ranar. Kika ce mata to. Ba ki je ba. Sau biyu kawai kika taɓa zuwa awon ciki, domin a layin akwai matan unguwa, ke kuwa shekara tara kina jira, kina tsoron baki, ga kunyar ɗan fari.

Washegari Juma'a na zo gidanki bayan azahar. Na ga kin cire zobenki, na ga silifas ɗin mijinki, Malam Shu'aibu, a ƙafarki domin naki ya daina shiga. Abin awon jini yana cikin jakata. Na ce, "Adda, ƙafarki fa?" Kika ce, "Zafin Garwa ne. Ko an hana ki aiki ne kika fara neman majinyata a gida?" Muka yi dariya, na yi shiru. In na ci gaba dole in ambaci cikin, a gidanmu kuwa ƙanwa ba ta buɗe baki ta ambaci cikin yayarta, balle wadda ta raine ta. Wata bakwai muna zama a tabarma ɗaya kamar ban gani ba. Na rubuta alamun nan na hawan jinin mai ciki a jarrabawa na ci, amma na koma gida da jakar a rufe.

Ranar Talata da safe jijjiga ta kama ki a tsakar gida. Da aka kai ki, tansiyonki ya yi mugun hawa, goma sha tara bisa goma sha biyu. Na tambayi likitan ko da an auna ranar Juma'a da kin tsira. Ya ce mai yiwuwa, ya ce kuma ba zai iya rantsuwa ba. Na san ajali ba ya wuce lokacinsa. Na sani, amma ban san inda zan ajiye wannan Juma'ar ba.

Ranar sadakar uku Madam Léontine ta zo gaisuwa da ɗankwali a kanta. Babu wanda ya matsa mata a tabarma. Wata daga cikin dangi ta ce, "Ga mai allurar nan, ko ta zo ganin aikinta ne?" Ta ji. Ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Sannu da haƙuri," da Hausarta mai nauyi, ta juya. Ina zaune a wurin, Adda, kuma na sake yin shiru. An ce tun daga ranar babu wadda ta taka ƙofarta.

Ba ni da ikon cewa allurar nan tana da amfani ga kowace mai ciki, ban karanta ta ba. Abin da na sani shi ne, a cikinmu duka, matar nan kaɗai ce ta dube ki ta faɗa miki gaskiya. Wanda ke neman wanda ya gani ya yi shiru, ba sai ya je Rumde Ajiya ba, ga ni.

Ki yafe mini, Adda. Allah ya jiƙanki, ya sa kin yi shahada, ya haskaka makwancinki, ya haɗa ki da Inna a gidan Aljanna. Ina miƙa ta'aziyya ga Malam Shu'aibu, da Baffa Jafaru, da dukan dangi na Garwa da Tinyer, da Madam Léontine wadda ita ma ta yi rashi. Allah ya raya 'yar da kika bari, ya ba ta bakin da za ta yi magana a inda ni na kasa. Amin.

Hindu Iliyasu
Yelwa, Garwa