Na Je Dubiya Shagon Gyaran Kwamfuta

Jiya na hau keke daga Samaru har Sabon Gari, da ledar lemo a hannu, zan je dubiya.

Chinedu mai gyaran kwamfuta ne ya saita mini tawa bara, ya jona mata wata 'yar ma'ajiyar takardu da waya. Tun daga nan, duk Juma'a imel ke shigowa da sunan shagonsa, cewa an adana takarduna lafiya. Ni kuwa in amsa, in yi godiya, har in ba shi labarin gwiwata. Da saƙon ya daina zuwa, na ɗauka ciwo ne ya kwantar da shi.

Na tarar da shi garau.

"Baba, ai ba ni nake turowa ba," in ji shi. "Kwamfutarka ce da kanta. Wataƙila wayar ma'ajiyar ce ta zare."

"To amsoshina fa, ɗana?"

Ya sosa ƙeya. "Ba sa zuwa wurin kowa, Baba."

Masu jiran gyara suka kawar da kai. Na rasa inda zan sa fuskata.

Na dawo gida na mayar da wayar. Ran Juma'a saƙon zai shigo, kuma ba na jin zan iya ƙin amsawa. Ku da kuka san na'ura, laifi ne?